Ragunan da takarda ta ce suna zubar da jini: nazarin kutse tsakanin kwalabe a na'urar ƙirgen gama

Mililita 4 na jini a rana ba abin tada hankali ba ne ga rago. Amma idan an ɗura wa ragon maganin tsutsa tun mako uku da suka wuce, an duba kashinsa ba a ga ƙwai ko ɗaya ba, awon PCV, wato na yawan jajayen ƙwayoyin jini, kuma yana nuna jininsa na ta cikowa, to mililita 4 ɗin nan sai an yi musu bayani. Abin da ya tsayar da aikin wata ɗalibar digiri na biyu ke nan a wani ƙaramin ɗakin gwaji a Zariya, har malaminta ya ce in zo in duba musu na'urar ƙirge. Ba zan ambaci wurin ko mutanen ba. Alƙaluman da zan kawo kuma na misali ne, cikakku, don mai karatu ya iya bin lissafin da ka.

Tsutsar da ake magana ita ce Haemonchus contortus, wadda ke zama a ciki na huɗu na tumaki da awaki tana tsotsar jini. Duk mai kiwo a ƙasar Zazzau ya san aikinta ko bai san sunanta ba: damina ta yi nisa, dabba ta rame, cikin idonta ya yi fari fat, ƙasan haɓa ya kumbura. Ana ƙiyasta tsutsa guda tana jawo asarar kusan mililita 0.05 na jini a rana, wato dubu ɗaya za su kwashe mililita 50. Ɗalibar tana son ta auna wannan asara kai tsaye, ta ga ko albendazol yana tsayar da ita gaba ɗaya, domin ƙorafin cewa tsutsa ta fara jure wa wannan rukunin magani ya daɗe a bakin likitocin dabbobi.

Hanyar awon tsohuwa ce, tushenta shi ne yi wa jajayen ƙwayoyin jini alama da kiromiyam, wanda Gray da Sterling suka kawo tun 1950. A ɗebi jinin dabba, a gauraya shi da kiromiyam-51, wani sinadari mai fitar da hasken nukiliya da ido ba ya gani, wanda ake kira gama, sinadarin ya shiga jajayen ƙwayoyin jini ya maƙale, a wanke, a mayar wa dabbar ta jijiyar wuya. Daga nan duk jinin da ya zuba cikin hanji zai fita da alamarsa a kashi, don hanji ba ya sake tsotse kiromiyam ɗin da yawa. Kullum sai a auna nauyin kashin da rago ya yi, a ɗebi kaɗan a ƙirga hasken gama da ke fita daga cikinsa, a ƙirga na jini, a raba wancan da wannan. Amsar ita ce mililita nawa na jini suka fita ranar. Kiromiyam-51 yana fitar da gama mai ƙarfin keV 320 (keV ma'aunin ƙarfin irin wannan haske ne), yawan hasken da yake fitarwa kuma yana raguwa da rabi duk kwana 27.7. Aiki ne da sai da lasisin Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya, kuma ta wannan ɓangaren takardunsu a cike suke.

Raguna 'yankasa goma sha biyar ne, rukuni uku, biyar-biyar. Na farko ba su da tsutsa. Na biyu an sa musu tsutsa an bar su. Na uku an sa musu, sannan aka ba su magani. Sakamakon na biyu bai ba kowa mamaki ba, sama da mililita 30 a rana. Marasa tsutsa suna wajen mililita 1, wanda shi ne ɗan abin da lafiyayyen hanji kan zubar. Waɗanda aka ba magani suka sauko da sauri a kwanakin farko, sai suka tsaya cik a kan 4, mako bayan mako. Bambancin mililita 3 tsakaninsu da lafiyayyu daidai yake da aikin tsutsa kusan 60 a cikin kowane rago, kuma ɗalibar har ta fara rubuta babin da ke cewa maganin ya bar saura.

Ba ta yi garaje ba, a ba ta haƙƙinta. Ta kawo hujjar cewa ƙananan tsutsotsi suna shan jini tun kafin su fara ƙwai, kuma haka ne. Sai dai cikin kusan mako uku suke balaga, da an ga ƙwai a ƙarshen gwajin. Waɗanda kuma ke kwantawa a bangon ciki su jira wata damina, kamar yadda aka sani a yankin nan idan rani ya gabato, ba sa shan jinin a-zo-a-gani. Malamin nata ya fi zargin fitsari. Wani ɓangare na kiromiyam yana saɓulewa daga ƙwayoyin jini ya fita ta ƙoda, saboda haka ɗigon fitsari a jakar da ake ɗaura wa rago don tara kashi ya isa ya ɓata ƙirge. Shi ya sa ma ake zaɓar maza a irin wannan aiki. Aka bi jakunkunan, aka canza ɗauri, babu abin da ya sauya. Aka zargi wuta, don idan an koma kan janareta na'ura takan ɗan karkace. To amma karkacewa ba ta san rukuni ba, da ta taɓa kowa.

Na'urar irin mai ramuka goma ce a jere ɗaya, wadda aka ƙera don awon sinadaran jiki da aidin-125 (wani sinadarin mai fitar da haske), hanyar da Rosalyn Yalow da Solomon Berson suka fito da ita a ƙarshen shekarun 1950, wadda ta kai Yalow ga kyautar Nobel a 1977. Kowane rami ƙaramin kiristal ne na sodiyam ayodaid da aka huda tsakiyarsa, a zura kwalba a ciki. Gama ya faɗa kiristal, ya yi ƙyalli, bututun da ke ƙasa ya mayar da ƙyallin bugun lantarki, na'ura ta ƙirga ɗaya. Tsakanin rami da rami akwai dalma. Ana loda kwalabe goma a mariƙi guda, a ƙirga su lokaci ɗaya. Shekara da shekaru tana wannan aiki da aidin-125 ba a taɓa kuka da ita ba, abin da ya sa babu wanda ya fara kawo ta a rai ke nan.

Abin da ya buɗe maganar ba ilimin fiziks ba ne, tarin takardu ne. Dattijon da ke kula da na'urar, wanda kowa ke kira Baba, ba ya yar da takardar da ta buga. Yana huda su ya zura a igiya, kowace da kwanan wata, kuma a kowane layi akwai lambar ramin da kwalba ta zauna. Ɗalibar kuwa lambar rago da adadin ƙirge kawai ta kwashe zuwa kwamfuta.

"Baba, lambar ramin ai ba ta da amfani a lissafina," in ji ta da muka nemi takardun.

"To 'yata, ni dai ban san wadda za ta yi amfani ba, shi ya sa na ajiye su duka."

Da muka mayar da lambar rami kusa da kowane sakamako, sai abu biyu suka fito fili. Ita da kanta take jera kwalaben rukuni na biyu da na uku, kuma don sauƙin rubutu tana sa jinin rago sannan kashinsa, jini, kashi, jini, kashi, har goma. Kwalaben lafiyayyun kuwa, da yake garkensu daban yake, yaron da ke taimaka mata ne ke jerawa, shi kuma yana fara sa jini biyar sannan kashi biyar. A rukunin da aka ba magani, raguna huɗu suna kan 4, amma na biyar, wanda kashinsa kullum ke rami na 10 a bakin layi, yana kan 2.5. Ita ta ɗauka shi ne maganin ya fi karɓa. A lafiyayyun kuma akwai rago ɗaya da ke nuna kusan 3, har ta sa masa alamar tambaya tana tunanin ko ya kwashi tsutsa a ɓoye. Kashinsa ne ke rami na 6, jikin kwalbar jini ta ƙarshe. Kwalbar kashi mai jini dama da hagu ta hau da 3, mai jini a gefe ɗaya ta hau da kusan rabin haka, wadda ba ta da jini kusa ba ta hau ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ƙarin yana bin wurin zama, ba ya bin dabba.

Gwajin tabbatarwa bai ɗauki lokaci ba. Muka sa kwalba mai ƙarfi ɗaya a rami na 5, sauran tara babu komai. Rami na 4 da na 6 suka ƙirga abin da ya zarce na rami fanko (ɗan ƙirgen da rami kan yi ko babu komai a ciki) nesa ba kusa ba, na 3 da na 7 suka ɗan motsa, na 1 da na 10 ba su san ana yi ba. Wannan shi ne kutse: hasken kwalbar wani rami ya tsallaka a ƙirga shi a ramin maƙwabci.

Dalilin yana cikin bambancin ƙarfin hasken. Aidin-125 yana fitar da haske mai rauni, tsakanin keV 27 da 35, wanda dalma mai kaurin kusan milimita 0.02 ke rage shi da rabi. Milimita ɗaya ta riga ta shafe shi. Gaman kiromiyam-51 kuwa sai dalma ta kai kusan milimita 1.7 kafin ta rage rabinsa, wato ko santimita guda aka sa, kusan ɗaya cikin sittin na abin da ya doshi wajen zai ratsa. Dalmar da ke tsakanin ramukan nan kamar zana take tsakanin ɗakuna biyu, tana tare ido amma ba ta tare murya. Akwai kuma ɓarna ta biyu da ba a cika lura da ita ba. Kiristal ɗin da aka yi don aidin-125 siriri ne, ba ya bukatar kauri. Gama mai keV 320 yawancinsa ratsa shi yake ya fita ba tare da an ƙirga shi a gidansa ba. Ke nan abin da ramin kwalbar ya kama kaɗan ne, abin da ya tsere ya doshi maƙwabta da yawa ne, kason kutsen ya ƙaru ta fuska biyu.

Hasken da ke isa maƙwabci ma iri biyu ne, kuma bambanta su na da amfani wajen magani. Akwai wanda ya ratsa dalma kai tsaye da cikakken ƙarfinsa, wannan babu yadda na'ura za ta bambanta shi da na kwalbar da ke cikin ramin. Akwai wanda ya fara karo da wani abu, kiristal ko dalma ko ruwan kwalbar, ya karkata ya rasa wani ƙarfi, abin da ake kira watsuwar Compton. Gama mai 320 da ya karkata da digiri 90 yakan koma kusan 197, wanda ya juyo baya gaba ɗaya kusan 142. Dalmar kanta idan haske ya buge ta tana fitar da nata a wajen keV 75 zuwa 88. Idan an ƙuntata tagar ƙirge, wato iyakar ƙarfin hasken da aka saita na'ura ta ƙirga, a kewayen 320, duk waɗannan za su faɗi waje. Ɗalibar da malaminta kuma sun buɗe tagar sosai, don kwalaben kashi suna da rauni kuma suna son ƙirge ya yi yawa. Niyya mai kyau ce, amma ta shigo da kutse tare da ƙarin ƙirgen fanko.

Na'urar tana da nata tsarin cire kutse, kamar yawancin irinta. Sai dai tana amfani da alƙaluman da aka auna mata aka adana ga kowane sinadari daban, kuma aidin-125 kaɗai aka taɓa yi mata. Ga kiromiyam, abin da take cirewa sifili ne.

Yanzu ga lissafin. A ce kwalbar jini mai mililita 2 tana ba da 100,000 a minti, wato 50,000 kowace mililita. Rago ya yi kashi giram 500 a rana, an ɗebi giram 2 a kwalba, saboda haka duk abin da kwalbar ta nuna sai an ninka shi sau 250. Idan asarar gaskiya mililita 1 ce, kwalbar kashi za ta nuna 200 a minti bayan an cire na fanko. Kutsen da muka auna zuwa ramin da ke jiki kusan 3 ne cikin 1,000, zuwa na gaba da shi kusan 5 cikin 10,000. Uku cikin dubu, wa zai damu da shi? Amma 3 cikin 1,000 na 100,000 shi ne 300, ya fi abin da ke cikin kwalbar kashin kanta. Jini dama da hagu, 600. A haɗa da 200 na gaskiya, 800. A ninka sau 250, a raba da 50,000, ga mililita 4 ɗinta. Rami na 10 mai maƙwabci ɗaya: 500, wato 2.5. Rami na 6 na lafiyayyu: 200 da 300 da 50, wato 550, kusan 2.8.

Abin da ya fi ruɗarwa a wannan kuskure shi ne ba ya tsufa. Mutum zai zaci da kiromiyam ya yi ta raguwa kutsen zai ragu, kuma yana raguwa, amma tare da jinin da ake raba shi da shi. Kason ba ya canzawa. Muddin ragunan da ke kusa da juna a mariƙi ƙarfin jininsu ɗaya ne, ƙarin zai tsaya a kan mililita 3 daga ranar farko har ta ƙarshe, ya zana layi miƙaƙƙe mai kama da zubar jini na dindindin. A rukunin masu tsutsa ma mililita 3 ɗin na nan, sai dai ya ɓuya a cikin 33, babu wanda zai tsaya a kansa. Kutse ba ya cutar da mai ƙarfi. Mai rauni da aka zaunar kusa da mai ƙarfi shi ke shan wahala, kuma a yawancin bincike amsar da ake nema tana wajen mai raunin.

Tambayar da ta rage ita ce a sake gwajin ko a gyara alƙaluma. Sakewa na nufin sabbin raguna, sabon kiromiyam da sai an yi odarsa daga waje ya iso kafin ya mutu a hanya, da kuɗin da ɗalibar ba ta da shi. Kwalaben suna nan, don doka ta sa a ajiye sharar irin wannan a ɗakin ajiya har ta huce, kuma al'adar aikin ita ce a jira rabin-rai goma, wato ƙarfin ya ragu da rabi sau goma, kusan wata tara ga kiromiyam-51. Amma an riga an shafe kusan mako takwas, ƙarfinsu ya koma rubu'i. Kwalbar da ke ba da 200 yanzu 50 take bayarwa, ƙasa da abin da rami fanko ke ƙirgawa. Sake ƙirga ɗaruruwan kwalabe a wannan hali, kowace awa guda, da irin wutar da muke samu, ba zai yiwu ba. Muka yanke a gyara duka da lissafi, a sake ƙirga kaɗan don a gwada gyaran.

Gyaran a baki mai sauƙi ne. Daga ƙirgen kowane rami a cire na fankonsa, sannan a cire kason da kowane maƙwabci ya turo, wato alƙalamin kutse daga wancan rami zuwa wannan a ninka da abin da wancan ramin ya ƙirga a lokacin. Wahalar tana wajen samo alƙaluman, kuma a nan na fi son mai karatu ya tsaya.

Ba a aro su daga littafi, ba a aro daga wata na'ura ko da ƙirarsu ɗaya. Muka ɗauki ragowar ruwan kiromiyam da aka ajiye a matsayin ma'auni, muka tsarma shi zuwa mililita 2 a kwalba irin ta jini sak. Tsayin ruwan a kwalba yana da tasiri, domin abin da ya haura kusa da bakin rami ya fi samun hanyar tserewa ta sama inda dalma ta ƙare. Sauran ramuka tara muka cika su da kwalaben kashin ragon da bai taɓa ganin kiromiyam ba, don yanayin ya zama irin na ranar awo. Taga kuma muka bar ta a buɗe yadda suka yi aiki da ita, duk da mun san ba ita ce ta fi ba, saboda alƙalamin da aka auna da ƙuntatacciyar taga ba zai gyara ƙirgen da aka yi da buɗaɗɗiya ba. Aka zaunar da kwalbar a rami na 1 aka ƙirga duka goma, aka matsar da ita na 2, haka har na 10. Abin da ya fito tebur ne mai layi goma da ginshiƙi goma. Bai zama daidai ta kowane gefe ba: abin da 4 ke tura wa 5 ya ɗan bambanta da abin da 5 ke tura wa 4, domin kowane kiristal da bututunsa suna da nasu kaifin. Saboda wannan ne ya zama dole a yi cirewar a kan irin alƙaluman da aka auna teburin da su. In ɗanyen ƙirge ne, ɗanye. In wanda na'ura ta riga ta daidaita tsakanin ramuka ne, shi. Gauraya su kuskure ne sabo.

Ƙarfin kwalbar awon ma sai da muka yi ta muhawara a kansa. Ƙirgen haske yana da rawa ta ɗabi'a: idan ka ƙirga 10,000, rawar kusan 100 ce, ɗaya cikin ɗari. Idan 100 ka ƙirga, rawar 10 ce. Don a san kutse da kyau, sai ramin maƙwabci ya tara wajen 10,000, ba ramin da kwalbar take ba. Ɗalibar ta ce to a sa mai ƙarfi sau goma a gama da wuri. Matsalar ita ce bayan kowane bugu na'ura takan ɗan makance na 'yan kaso kaɗan cikin miliyan na daƙiƙa. A 100,000 a minti abin da take rasawa bai kai ɗaya cikin ɗari ba. A miliyan guda a minti zai iya kaiwa bakwai ko takwas cikin ɗari. Ramin kwalbar zai ƙirga ƙasa da gaskiya, maƙwabcin da ba shi da cunkoso zai ƙirga daidai, kason kutse ya kumbura, a je a cire fiye da kima. Muka tsaya kusa da ƙarfin kwalaben jini na asali, muka biya da lokaci, kusan rabin awa kowane rami.

Me ya sa wannan tsanani? Saboda abin da ake cirewa ya ninka abin da zai rage sau uku. Kwalbar da aka ƙirga minti 5 tana ba da 900 a minti har da fanko, rawarta wajen 13 ce, ba komai. Amma a yi kuskuren ɗaya cikin goma a alƙalamin kutse, 600 ya zama 660 ko 540, amsar ta koma 140 ko 260 maimakon 200. Ƙaramin kuskure a teburi ya zama kusan sulusin sakamako. Duk wanda ya ce ya cire kutse bai faɗi yadda ya auna kason ba, ban ga dalilin yarda da lambobinsa na ƙasa ba.

Akwai ƙaramin batu na lissafi da malamin ya tayar: ƙirgen maƙwabcin da ake ninkawa ai shi ma yana ɗauke da kutse, to ba a zagaye ake ba? Haka ne, kuma cikakkiyar hanya ita ce a warware layuka goman tare, abin da Excel ke yi ta juya teburin. Mun yi duka biyu. Bambancin bai kai a gani ba, domin girmansa kamar 3 cikin 1,000 ne a ninka da kansa, 9 cikin miliyan. Da sinadari mai ƙarfin ratsawa ne, irin ayon-59 da gamansa ya haura keV 1,000, ko fulorin-18 mai 511 da ake aiki da shi a hoton asibiti da ake kira PET, inda kutse kan yi yawa a irin wannan na'ura, da ban yarda da gajeriyar hanya ba.

Wasu kwanaki, bayan cirewa, kwalba ɗaya ko biyu suka faɗa ƙasa da sifili. Ɗalibar ta so ta mayar da su sifili, tana cewa rago ba ya zubar da jini a baibai. Na hana. Rawar ƙirge tana zuwa sama da ƙasa, idan ka datse na ƙasa ka bar na sama ka ɗaga matsakaici da hannunka, ka dawo da wani yanki na abin da ka wahala wajen cirewa.

Abu ɗaya ne ba mu iya gyarawa ba. Lokacin aikin, mariƙin da ke jiran layi akan ajiye shi a kan teburi jikin na'urar, ta ɓangaren rami na 1. Muka kwaikwayi hakan, muka ga ramukan wannan gefen sun ɗan ɗaga. Kaɗan ne, kuma rami na 1 jini ne ke zama cikinsa a kowane tsari, amma na 2 kashi ne a jeren ɗalibar. Babu takardar da ta rubuta wane mariƙi ne ke jira a wace rana, don haka sai dai aka ƙara shi cikin faɗin shakkar sakamako. Masu aiki a wuraren da ake gasa samfuri a injin nukiliya, irin wanda ke Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi a nan Zariya tun 2004, sun san wannan ƙa'ida sarai: samfurin da ke jira ana ajiye shi cikin tukunyar dalma nesa da wurin ƙirge. Ɗakin da ya saba da aidin-125 ne kawai bai taɓa bukatar koyon ta ba.

Don gwada gyaran, aka zaɓi kwalaben kashi daga rukunin da aka ba magani, na farkon gwaji da na tsakiya da na ƙarshe, aka ƙirga su su kaɗai, babu jini a na'urar ko a ɗakin, da ƙuntatacciyar taga, awa guda kowane zubi. Sannan aka ƙirga kwalaben jininsu daban a ramukan da kashin ya zauna, da rami fanko tsakanin kowace biyu. Tsufan kiromiyam bai dame mu ba, tunda jini da kashi tare suka tsufa kuma rabo ake nema. Abin da ya fito ya zo daidai da gyararrun alƙaluma a cikin iyakar rawar ƙirge. Ragunan da aka ba magani suka sauko wajen mililita 1, ragon rami na 10 ya daina zama gwani, na rami na 6 ya fita daga zargi, masu tsutsa suka ragu da kusan 3.

Inda muka saɓa da ɗalibar shi ne abin da za a rubuta. Ita tana son ta ce maganin ya tsayar da zubar jini ɗari bisa ɗari. Ni a ganina alƙaluman da aka ceto ba su kai su ɗauki wannan magana ba. Shakkar da ke kan kowane sakamako na rukunin ta kai wajen sulusin mililita zuwa rabi, wato aikin tsutsa shida zuwa goma zai iya ɓuya a ciki. Abin da za a iya faɗa shi ne ba a ga bambanci tsakaninsu da lafiyayyu ba a iya kaifin wannan awo, kuma hakan ya yi daidai da rashin ƙwai da cikowar jini. Malamin ya goyi bayan wannan, aka sa teburin kutsen gaba ɗaya a rataye, tare da tsarin zaman kwalabe na kowane rukuni.

A ɗakin kuma aka sauya yadda ake aiki da kiromiyam. Jini da kashi ba sa sake haɗuwa a mariƙi ɗaya. Kwalabe masu rauni ake fara ƙirgawa, masu ƙarfi suna can wani ɗaki. An ƙuntata taga, an auna wa na'urar sabon teburi da wannan tagar aka adana mata, kutsen ya ragu amma bai ɓace ba. A kowane mariƙi ana barin kwalba ɗaya ta kashin da ba shi da kiromiyam, ana sauya mata rami kullum, kuma fom ɗin da ɗalibai ke cikawa yanzu yana da gurbin lambar rami kusa da lambar dabba. Ɗalibi na gaba da ke shirin aiki yana son haɗa kiromiyam-51 da aidin-125 a dabba ɗaya, don ya auna jajayen ƙwayoyi da ruwan jini tare. Wannan zai kawo wani kutsen daban, a cikin kwalba guda, inda watsattsen hasken kiromiyam ke zubowa cikin tagar aidin, kuma teburin da muka auna ba zai taɓa shi ba. An ce masa ya tanadi kwalba mai kiromiyam zalla da mai aidin zalla tun kafin ya taɓa rago.